Sikila, "Sitem Sel" da Maƙeran Gaya: Me Ake Iya Gogewa a Jikin Mutum?

Waɗanda data ba ta bari sun saurari shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba. Zancen yau yana da ɗan tsawo, don haka a gyara zama.

Wata 'yar'uwa ce ta turo mana saƙo daga ƙaramar hukumar Ajingi. Ɗanta shekararsa huɗu, yana da sikila, SS ne. Ta ce kwanan nan sai da suka kwana uku a asibiti, yaro yana kuka da ciwon ƙashi, ita ma tana kuka. Bayan sun dawo gida sai maƙwabciya ta saka ta a wani guruf na WhatsApp inda ake tallar wani gari a 'yan ƙananan ledoji, wai shi "sitem sel". Mai tallar ya ce idan yaro ya yi wata shida yana sha, jininsa zai tashi daga SS ya koma AA. Ya yi ta ambaton "efijenetik", ya ce ai ilimi ne da aka ba wa kyautar Nobel. Yanzu tana shirin sayar da tunkiyarta da akuyarta ta saya. Ta ce mu faɗa mata tsakani da Allah, ta saya ko kada ta saya?

'Yar'uwa, amsar a gajarce ita ce kada ki sayar da dabbobinki. Amma ba zan tsaya nan ba, domin mutumin nan da kalmomin gaskiya ya yi miki ado. Akwai sitem sel, akwai efijenetik, an kuma ba da Nobel ɗin. Idan ba mu san ma'anarsu ba, gobe wani zai sake zuwa da sabuwar leda. To bari mu warware su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara daga gida. Duk ɗan Gaya ya san abin da tarihin baka yake faɗa, cewa maƙera ne suka tashi daga Gaya neman tama har suka yada zango a gindin Dala, kuma wani maƙeri mai suna Kano shi ne birnin ya ci sunansa. Zuriyarsu ake kira Abagayawa. Ko a labarin Bayajidda ma, a Gaya aka ce maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura. Ashe ke nan mu mutanen wannan yanki mun fi kowa dacewa mu gane darasin yau, don darasin maƙera ne.

Ka je maƙera ka tsaya. Ƙarfe ɗaya ne a hannun maƙeri. Ya sa shi a wuta, yaro yana zuga, ƙarfe ya yi ja ya yi laushi. A wannan lokacin zai iya zama fartanya, zai iya zama gatari, zai iya zama lauje. Da an ɗora shi kan uwar maƙera an buge shi ya huce, shi ke nan ya ɗauki sana'arsa. Lauje ba ya saran itace, gatari ba ya yankan shinkafa, alhali ƙarfensu ɗaya.

Haka jikinka yake. An gina shi da ƙwayoyin halitta, abin da malamin bayoloji ya ce mana sel. Idan na ce ƙwaya a shirin nan wannan nake nufi, ba irin wadda NDLEA ke kamawa ba. Akwai su sama da tiriliyan 30 a jikin babban mutum, iri-iri har kusan kala 200: ta fata, ta ido, ta hanta, ta ƙwaƙwalwa, ta jini. Duk daga ƙwaya guda ɗaya tak suka fito, ranar da aka ɗauki cikinka. Wajen kwana biyar da shigar ciki, abin da zai zama mutum ɗan dunƙule ne da bai kai ƙwayar gero ba. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙwayoyi da har lokacin ba su ɗauki sana'a ba, kowace za ta iya zama kowane sashe na jiki. Su ne jan ƙarfen. Mu kira su ƙwayoyi masu iya zama komai. Su ne manya a cikin dangin da ake kira sitem sel, wato iyayen ƙwayoyi. Akwai kuma ƙananan iyaye da suke tare da mu har tsufa, kamar waɗanda ke cikin ɓargo suna haifar jini kullum, sai dai su jini kawai suka iya.

Ga tambayar da ta daɗe tana damun masana. Kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da littafin umarni iri ɗaya, shi ne DNA. An rubuta shi da haruffa huɗu, A da C da G da T, kimanin harafi biliyan 3, kuma akwai shafukan gado kusan 20,000 a ciki, kowane da aikinsa. Littafin da ke cikin ƙwayar idonka shi ne dai a ƙwayar hantarka. To me ya hana ido ya riƙa yin aikin hanta?

Amsar ita ce alamomi. Kowace ƙwaya tana buɗe shafukan da suka shafi aikinta, ta rufe sauran. Hanyoyin rufewar da aka fi sani guda biyu ne. Ta farko, ana manna wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna metil a kan harafin C a bakin shafi, kamar ka sa gam ka liƙe shafin littafi. Rubutun yana nan, ba a dai iya karanta shi. Ta biyu, zaren DNA na ƙwaya ɗaya ya kai tsawon mita biyu, don haka naɗe shi ake yi a jikin wasu dunƙulallun sinadarai masu suna histon, kamar zare a jikin mazari. Inda aka naɗe tamau ba ya karantuwa, inda aka sassauta yana karantuwa. Idan ƙwaya ta rabu biyu, tana kwafe wa 'ya'yanta alamomin. Shi ya sa idan ka ji rauni fata ce take tsirowa a wurin, ba hanta ba.

Ilimin waɗannan alamomi shi ne efijenetik. Wani Bature ɗan Ingila, Conrad Waddington, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1942. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne ƙashin bayan zancen yau: haruffa daban, alamomi daban.

Kuna son ganin alamomin da idonku? Ku duba kyanwa mai launi uku, fari da baƙi da ja. Kusan kullum mace ce. Mace tana da kundin gado na X guda biyu, sai kowace ƙwaya ta rufe ɗaya tun tana ciki. Inda aka rufe mai ɗauke da baƙi sai ja ya fito, inda aka rufe mai ja sai baƙi ya fito. Wata masaniya 'yar Ingila, Mary Lyon, ita ta bayyana wannan rufewa a 1961.

To yanzu, lauje zai iya komawa jan ƙarfe? Shekaru da yawa masana suna ganin ba zai yiwu ba. Wasu ma suna zaton ƙwaya yage shafukan da ba ta buƙata take yi ta zubar.

Sai wani matashi a Jami'ar Oxford, John Gurdon. Wannan mutumin, lokacin yana sakandare shi ne na ƙarshe a bayoloji cikin yara 250, har malaminsa ya rubuta cewa ɓata lokaci ne ya ce zai zama masanin kimiyya. Masu jiran sakamakon NECO, kun ji. A 1962 ya ɗauki ƙwan wani kwaɗo ɗan asalin Afirka, ya lalata cibiyar da littafin yake ciki, ya saka cibiyar ƙwayar hanjin talibambam a madadinta. A cikin gwaji 726, guda 10 suka zama talibambam masu iyo. Kaɗan ne, amma sun isa hujja. Ƙwayar hanji ba ta yage komai ba, littafinta cikakke ne, kuma akwai wani abu a cikin ƙwai da yake iya ɓamɓare gam ɗin.

A ranar 5 ga Yulin 1996 aka haifi tunkiyar nan Dolly a Cibiyar Roslin da ke Sikotland, daga ƙwayar hantsar wata tunkiya mai shekara shida. Gwaji 277 aka yi, ita kaɗai ta zo duniya.

Sannan aka zo kan Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan, likitan ƙashi ne da ya koma bincike. Shi da ɗalibinsa Kazutoshi Takahashi suka ce, mene ne ainihin wutar da ke narkar da alamomin nan? Suka zaɓi shafukan gado 24 da suke zargi, suka yi ta cire ɗaya-ɗaya har suka rage huɗu: Oct4, Sox2, Klf4 da c-Myc. A 2006 suka nuna cewa idan aka tilasta wa ƙwayar fatar ɓera ta karanta waɗannan huɗun, cikin 'yan makonni sai ta manta ita fata ce, ta koma mai iya zama komai. A 2007 suka yi da ƙwayar mutum. Ana kiran irin waɗannan ƙwayoyi iPS. A 2012 aka ba Gurdon da Yamanaka kyautar Nobel tare. Wannan ita ce Nobel ɗin da mai talla yake jingina da ita.

Me yake faruwa a ciki? Sinadaran da shafukan nan huɗu suke samarwa suna kutsawa inda zare ya naɗe tamau su sassauta shi. Sai a rufe shafukan fata, a ɓamɓare metil daga shafukan ƙuruciya da aka liƙe tun ana ciki. Lauje ya koma wuta ke nan.

Amma aikin ba sauƙi gare shi ba. A gwaje-gwajen farko, ko ɗaya cikin ɗari na ƙwayoyin ba ta kammala komawa. Wasu suna komawa amma da sauran tsofaffin alamomi a jikinsu, a 2010 masana suka nuna cewa ƙwayar da aka samo daga jini ta fi saurin komawa jini, kamar ƙarfen da bai manta lanƙwasarsa ba. Ga kuma haɗari. Idan aka zuba ƙwaya mai iya zama komai a jiki ba tare da an fara koya mata sana'a ba, ƙari take zama, irin wanda ake samun gashi da haƙori da ƙashi a cakuɗe a cikinsa. Shi kansa c-Myc yana cikin shafukan da ke da hannu a cutar daji. Shi ya sa sai a 2014 aka fara dasa wa mutum abin da aka yi da iPS, a birnin Kobe, inda likitar ido Masayo Takahashi da abokan aikinta suka dasa wa wata dattijuwa ɗan siririn faifan ƙwayoyin ido da aka samo daga fatarta.

'Yar'uwa, yanzu mun iso kan ɗanki. Sikila matsalar harafi ce. A shafin da ke ba da umarnin ƙera himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, harafi ɗaya ne ya canja, T ya zauna a mazaunin A. Wanda ya gaji wannan daga uwa da uba duka, shi ne SS. Idan iska ta yi ƙaranci, himogulobin ɗinsa sai ya sandare, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Ciwon ƙashin nan daga nan yake.

Da za a ɗauki fatar ɗanki a kai Kyoto, a goge duk alamomin da ke kanta tas, ƙwayar da za a samu SS ce har yanzu. Wuta tana canja siffar ƙarfe, ba ta mayar da ƙarfe azurfa.

An ma gwada. A ƙarshen 2007, Jacob Hanna da Rudolf Jaenisch a Amurka, tare da Tim Townes, suka ɗauki ɓeraye masu sikila irin ta mutum. Suka ɗebi ƙwayar fata daga wutsiyarsu, suka mayar da ita iPS. Daga nan sai da suka yi wani aiki na daban, suka musanya gurɓataccen shafin da lafiyayye, suka koya wa ƙwayoyin zama iyayen jini, sannan suka dasa wa ɓerayen bayan an ƙone ɓargonsu na asali. Ɓerayen suka samu sauƙi ƙwarai. Ku ƙirga matakan: gogewa, gyaran harafi, koyarwa, dasawa. Har yau wannan hanya ba ta zama maganin da ake yi wa masu sikila a asibiti ba, domin samar da iyayen jini masu ɗorewa daga iPS yana da wuyar gaske. Abin da manyan ɗakunan binciken duniya suke fama da shi kusan shekara ashirin, shi ne wani yake cewa ya ƙulla miki a leda.

Amma kada ki karaya, don ga inda efijenetik take da labari mai daɗi, kuma na gaskiya.

Ki tuna lokacin da kika haife shi. Watannin farko lafiya lau yake, ko ba haka ba? Yawanci sai wajen wata biyar zuwa shida ake fara ganin kumburin hannu da ƙafa. A 1948 wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura da haka, ta ce dalili shi ne jariri da wani himogulobin na daban yake zuwa duniya, na zaman ciki, wanda ake kira HbF. Shafinsa daban ne, kuma babu kuskuren sikila a cikinsa. Ba ya sandarewa, yana ma hana na sikilar sandarewa. Bayan haihuwa sai jiki ya rufe wannan shafin a hankali, ya buɗe na manya, inda kuskuren yake.

Kun ji? Rufe shi aka yi, ba a yage shi ba. Kowane mai sikila a Gaya da Ajingi yana yawo da lafiyayyen shafi a liƙe a cikin ɓargonsa. Akwai ma mutanen da Allah ya yi su shafin nasu bai rufu duka ba, kuma sikilarsu takan zo da sauƙi sosai.

A farkon shekarun 1980 likitoci a Amurka suka gwada wani magani mai hana manna metil, suka ga HbF ya ƙaru a jinin marasa lafiya. Maganin yana da illa, ba a ci gaba da shi ba, amma ya nuna ƙofar tana buɗuwa. Daga nan aka koma kan wani tsohon magani, wanda a jikin kwalinsa za ki ga an rubuta Hydroxyurea. Shi ta wata hanyar daban yake bi, amma yana ƙara HbF. Babban gwajin da aka wallafa a 1995 ya nuna yana rage yawan tashin ciwo da kusan rabi, a 1998 Amurka ta amince da shi.

Kuma ba labarin Turai kaɗai ba ne. A nan Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi wani bincike mai suna SPRING a kan yara 220 masu sikila. Yaran su ne waɗanda hoton gudun jini a ƙwaƙwalwa, wanda ake kira TCD, ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. An wallafa sakamakon a 2022, ya nuna cewa ko ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya daidai da matsakaicin awo. Wannan ilimi ne da aka samo daga 'ya'yanmu, a hanyar da motar Gaya take bi ta Wudil kullum. Sai dai magani ne da likita yake rubutawa, yana auna nauyin yaro, yana duba jininsa lokaci-lokaci. Kada wanda ya ji shirin nan ya tafi kemis ya saya da kansa.

Masana ba su tsaya nan ba. A 2008 ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya nuna cewa wani sinadari mai suna BCL11A shi ne mai gadin da yake rufe shafin HbF. Sai aka ce, to a sallami mai gadin mana. Da almakashin DNA da ake kira CRISPR, ana ɗebo iyayen jinin mara lafiya, a yanke makunnin da ke tayar da mai gadin a ƙwayoyin jini, a mayar masa da su. Wata Ba'amurkiya, Victoria Gray, ita aka fara yi wa a cikin masu sikila a 2019. Birtaniya ta amince da maganin, mai suna Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu cutar daji ya kashe tsohon ɓargo, abin da kan iya hana haihuwa. Kuma ko wanda aka yi wa ya warke, zai iya gadar wa 'ya'yansa S ɗin, don jininsa kaɗai aka taɓa.

Akwai kuma dashen ɓargo, inda ake ɗebo iyayen jini daga ɗan'uwa wanda jikinsu ya dace. A Najeriya an fara yin nasararsa ga mai sikila a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Farfesa Nosakhare Bazuaye. Shi ma sai an kwanta makonni a ɗaki na musamman, da kuɗi masu yawa, da haɗarinsa.

Kun lura da abin da ya haɗa duk waɗannan? Ƙwayoyi ne masu rai, na mutum, ana saka su ta jijiya, a asibiti. Yanzu mu dawo kan leda. Ƙwayar da aka busar aka niƙa ta mutu. Yawancin irin waɗannan kayan ma daga tsirrai ake cewa an samo su, kamar tuffa da inabi, to ƙwayar tuffa ina ta san hanyar ƙera jinin ɗan Adam? Ko da mai rai ce, da ta shiga ciki narkewa za ta yi kamar tuwo. Lambar hukuma a jikin kwali kuma ba shaidar cewa abu yana warkar da sikila ba ce. Idan aka nuna miki takardar gwaji wai wani ya koma AA ko AS, ki tambaya ko an yi masa ƙarin jini kwanan nan, don jinin da aka ƙara yana rikita gwajin har tsawon wata uku. Wani lokacin kuma gwajin farkon ne aka yi kuskure.

Wani zai ce, to ai an ce abinci yana taɓa efijenetik. Haka ne. A ƙauyukan Gambiya, masu bincike sun wallafa a 2014 cewa yaran da aka ɗauki cikinsu da damina alamomin metil ɗinsu a wasu shafuka sun bambanta da na waɗanda aka ɗauka da rani, kuma bambancin yana tafiya da sinadaran abinci da ke jinin uwa. Wannan dalili ne na a kula da cimar mace tun kafin ta ɗauki ciki. Amma alamomi ne suka motsa, harafi ko ɗaya bai canja ba.

To 'yar'uwa, me za ki yi? Ki je Babban Asibitin Gaya ko asibitin da ya fi kusa da ke, ki nemi a tura ku asibitin masu sikila a Kano. Ki tambayi likita abu biyu da bakinki: ya za a yi wa yarona hoton TCD, kuma ya dace a ɗora shi a kan Hydroxyurea? Ana son a riƙa yin hoton nan duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. Ya riƙa shan ruwa sosai, ya kwana a gidan sauro, a rufe shi da kyau lokacin hunturu, a cika masa rigakafi, ya sha folik asid da sauran abin da aka rubuta masa. Zazzaɓi a jikin mai sikila ba a jira da shi sai gobe. Idan ma dole sai an sayar da akuya, gara kuɗin ya tafi a mota da gwaji da maganin da aka tabbatar.

Ku kuma samari da 'yanmata, naku ya fi sauƙi. Ana ƙiyasta cewa duk shekara ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa SS. Kowane ciki na ce. Ba wai idan na fari ya zo SS ukun da ke biye sun tsira ba, lissafin sabo yake komawa duk lokaci. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, kuma gwajin nau'in jini yana ciki. Shawarata kada ku jira sai an kai kuɗi an sa rana, lokacin da zuciya ta riga ta tafi kuma iyaye sun gayyaci jama'a. Ku yi tun yanzu, a wuri mai inganci, in da hali ku maimaita a wani wurin. Kuma don Allah a daina neman takardar bogi. Takarda za ta wuce wurin ɗaurin aure, amma ba ita za ta kwana a asibiti da yaro ba.

Masu sikila da ke sauraronmu, ba ku muke gudu ba. Kuna karatu, kuna sana'a, kuna aure, kuma mai SS da ya auri AA 'ya'yansu AS za su zo. A cikinku ko cikin ƙannenku da ke karatun kimiyya a Wudil ko BUK, wa ya sani ko akwai wanda zai samo hanya mai araha ta buɗe shafin nan, wadda talakan Toranke ko Kademi zai iya saya? Aikin da ake nema ke nan yanzu a duniya, kuma mu muka fi kowa buƙatarsa. Kakanninmu sun san yadda ake mayar da lauje wuta.

'Yar'uwa, Allah ya ba yaronki lafiya, ya ba ki juriya, ya sa ki ga girmansa. Wanda ya san wata uwa da aka saka a irin wannan guruf ɗin, ya karanta mata wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.